Mijinyawa, Mai Jin Shirun Mutanen Nesa

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Mijinyawa ya riga ya tsallako gada daga unguwar Harobanda a kan tsohon babur ɗinsa, wanda sai an lallashe shi yake tashi. Shekara ashirin da uku ke nan yana kula da ɗakin taro a ofishinmu, wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi a karkara. Yakan buɗe ɗakin, ya goge teburi, ya bi makirfo ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Alo, Tawa? Alo, Damagaram?" alhali babu kowa a layi. Mun sha tsokanarsa cewa da aljanu yake gaisawa.

Da korona ta zo, rabin masu halartar taro suka koma shigowa ta allo daga garuruwansu, aka kafa allon can sama a bango. Mijinyawa ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "An rataye mutum kamar kalanda, wa zai saurare shi?" Ya sauko da allon daidai tsayin mai zaune, ya janye kujeru biyu ya ba shi wuri a bakin teburi. Ɗakin yana amsa kuwwa, sai ya je kasuwar Wadata ya zaɓo barguna saƙar hannu ya lulluɓe bango. Baƙi sai yaba ado suke, ba su san magani ba ne. Ya kuma saba mana da cewa ba a fara magana sai an gaida na nesa, kowa da sunansa, an tambayi gida da gajiya da ruwa.

Bara aka kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke sauraron taro ta fitar da rahoto nan take. Ba laifi, tana aiki. Mijinyawa bai yi kishi da ita ba, shi ne ma ya jera mata makirfo yadda za ta ji kowa. Sai dai shugabarmu, Madam Nafissa, ta ce gaisuwa na cin lokaci, a rage ta, na'urar ma ta daina rubuta ta.

Ranar wata Talata, Hajiya Iklima, shugabar matan wani ƙauye a jihar Tawa, ta shigo ta wayarta. Aka tambaye ta ruwa a gurguje, ta ce, "To, muna nan muna haƙuri." Aka wuce. Madam ta ce za a tura masu gyaran famfo Damagaram wannan watan, ba Tawa ba, ko akwai mai magana? Iklima ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi. Na'ura ta rubuta cewa kowa ya amince.

Daga kusurwarsa Mijinyawa ya ɗaga hannu. "Madam, a gafarce ni. Hajiya ba ta amince ba. A sake tambayarta, a hankali."

"Malam Mijinyawa, rezo ne ya tsinke, layin sadarwa ya yanke mata. Kai dai duba mana waya."

"Rezo lafiya lau, Madam. Kunya ce. Rijiyar nan kyauta aka yi musu, ba za ta ce ta lalace a gaban manya ba."

Wani ya yi dariya. Sauranmu muka zuba wa takardunmu ido, har da mai wannan rubutu. Mijinyawa ya koma ya zauna, ransa a jagule, yana kallon fuskar Iklima har aka kashe allo.

Bayan sati biyar labari ya iso: tun kafin taron, famfon ƙauyen Hajiya Iklima ya tsaya, mata suna tafiyar awa biyu zuwa tafki, yara suna ta ciwon ciki. Lokacin an riga an miƙa wa Mijinyawa takardar ritaya, an ce ɗakin zamani ba ya bukatar mai tsaro. Muka yi masa ban kwana da lemo da biskit a cikin ɗakin da ya gyara da hannunsa, kuma babu wanda ya tuna ya kunna allo don na nesa su yi masa sallama.

Kai ne, Malam Mijinyawa, ka san cewa mutumin da ke cikin allo baƙo ne, a ba shi wurin zama. Kai ne kunnen ɗakin nan. Ka faɗi gaskiya a inda ba a ba ka bakin magana ba, muka bar ka kai kaɗai. Wallahi abin yana ci mana rai. Mun gode, kuma ka yafe mana.

Ku kuma masu shirya irin wannan taro, ku yi amfani da na'urarku, amma ku yi koyi da shi: ku gaisa, ku jira amsa, in an yi shiru ku sake tambaya.

An gyara famfon. A taron da ya biyo baya, Madam da kanta ta fara da gaisuwa. Hajiya Iklima ta amsa, ta leƙa ta allo tana neman kusurwar nan.

"Ina Malam? Yaya mai ɗakinsa da jiki? Ya ce mini tun bara take kwance."

Muka dubi juna. Shekara ashirin da uku yana tambayar kowa gida, a cikinmu babu wanda ya taɓa tambayar nasa.