Tukunyar Dintsi

Akwai maganar da na tsana a bakin uwar mijina, wato "Ya isa." In gishiri ya ƙare, ya isa. In fate ya tsinke har kana hango gindin kwano, ya isa. In na ɗebo ludayi na biyu zan zuba mata, sai ta rufe kwanonta da tafin hannu ta ce ya isa. Ni kuwa ba a haife ni da haƙuri ba, duk ƙauyenmu na bayan Kafanchan an san bakina.

Citta ce ke ciyar da mu, ko da yake ba a tuƙa tuwo da ita. Ita muke sayarwa mu sayi hatsin da zai kai mu wata kakar. Shekarar da ciwo ya shige ta, ganye ya yi rawaya, in ka tona sai ruwa da wari. Yunwar ba ta zo nan take ba, sai da wata daminar ta zagayo, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma suka gaji suka tashi. Maigidana ya tafi Sabon Tasha dakon bulo, amma wa ke gini cikin ruwan Agusta? In ya kira waya sai ya yi ta tambayar lafiyar akuyar da muka riga muka sayar, don kada in tambaye shi abin da ya samo. Gida ya rage ni da Mama, uwar mijin nawa, da ƙaramar 'yata.

A cocinmu matan zumunta suna da wata al'ada. Duk lokacin da mace ta auna tsakin masara za ta ɗora girki, sai ta cire dintsi guda, abin da hannu ɗaya zai iya damƙa, ta zuba a wata tukunya daban. Wannan na Ubangiji ne. Ƙarshen wata kowa ta kai nata coci, a haɗa a raba wa gwauraye da marasa lafiya. Mai bukata ba ta buɗe baki ta roƙa, sai dai ta kife kwanonta a bakin ƙofa kafin ta shiga. Mama tun tana amarya take cire dintsi, kuma ba ta taɓa kife kwano ba.

Lokacin wadata ban damu ba. Amma da awo ya koma rabin gwangwani a yini, duk sanda na ga hannun nan ya nutse cikin tsaki sai in ji kamar naman jikina ake yanka. Nakan juya baya in yi ta hura wutar da ta riga ta kama.

Sai zazzaɓi ya kama 'yata. Mai kemis ya ba ni ƙwaya, ya ja min kunne kada in ba ta ciki babu komai. Na gwada da ruwan zafi, ta amayar. Na gwada da romon yakuwa, ta amayar. Ranar taron zumunta muka wayi gari babu ko ƙwayar tsaki a buhu, na juya shi na kakkaɓe, ƙura kawai. Yarinya tana kwance a tabarma, leɓɓanta sun bushe, ta daina ma kukan. Shirun nan ne ya fi tsorata ni.

Tukunyar dintsi kuwa tana nan a lungu, da abin da ya kusa mudu a ciki.

Na ce, "Mama, ki buɗe tukunyar nan in dama wa jikarki kunu."

Ta ce, "'Yata, wannan ba namu ba ne kuma. Na riga na ba da shi."

"Kin ba wa? Allah yana shan fate ne? Ga mai bukata a gabanki tana mutuwa!"

"Ba zai mutu ba," in ji ta, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Wanda ya ba mu shi yana gani. Mu kai, a raba yadda ake rabawa."

Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa uwar miji. Ta ɗaura kallabin zumunta, ta aza tukunya a ka, ta fita. Na goya yarinya, na fizgi kwano mafi girma a gidan, na bi ta a baya. Niyyata in kife shi da ƙarfi har ƙararsa ta shiga coci, kowa ya ji cewa gidan Mama ma ya kai ga haka. In kunya ce, mu sha ta tare.

Da na isa bakin ƙofar coci sai na ja na tsaya. Kwanuka ne jere a kife, tun daga matakala har gindin mangwaro. Na gane na maƙwabciyata mai lanƙwasasshen baki. Na gane na matar fasto. Da ƙyar na sami inda zan ajiye nawa, kuma a hankali na ajiye shi.

Shugabar zumunta tsohuwa ce 'yar Ibo, haifaffiyar kwatas ɗin reluwe, Hausarta ta fi tawa. Ta sa daro a tsakiya, mata suka riƙa juye abin da suka kawo, kowacce kanta a sunkuye. Wata cokali biyu, wata babu komai sai ta girgiza tukunyar don a ji ta yi niyya. Na Mama ne ya rufe gindin daron. Tsohuwar ta leƙa waje ta dubi kwanuka, ta dubi daro, ta ce, "To, mata, yau dukanmu gwauraye ne." Aka yi 'yar dariya marar daɗi, aka yi addu'a, aka raba. Kowane gida dintsi uku.

Mun kawo kusan mudu, mun koma da dintsi uku! Duk hanya ina kuka ina masifa, yarinya tana zafi a bayana kamar na goya murhu. Mama tana gaba da tukunyarta wayam, har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Na hura wuta, na ɗora ruwa. Ina juyowa sai na ga hannun Mama cikin kwanon. Za ta cire dintsi.

Na cafke wuyan hannunta. "Mama! Daga bakin jikarki za ki cire?"

Ta dube ni, babu fushi. "Ban taɓa cire na yaro ba. Ban taɓa cire naki ba. Nawa nake cirewa."

Ban sake ta ba, amma a lokacin na ji abin da nake riƙe da shi. Babban yatsana da manuniya sun zagaye wuyan hannunta har sun hau juna. Matar da ke ɗaga buhun citta ita kaɗai ta aza wa kanta. Sai ludayin nan na biyu ya faɗo min a rai, wanda take tarewa da tafin hannu kullum. Ni ina zaton wa'azi take min da "ya isa". Ashe abin da ta zuba a tukunya take biya daga cikinta, watanni, ni kuwa ina zaune kusa da ita ina lashe kwanona ina jin haushinta.

Na sake ta. Ta ɗebi ɗan abin da yatsu uku suka kama, ta zuba a tukunya, na ji ƙararsa a gindi.

Na dama kunu. Yarinya ta sha a hankali, ta haɗiye ƙwayar, muka zuba mata ido. Ba ta amayar ba. Da gumi ya fara tsattsafo mata a goshi sai na zauna a ƙasa.

Na ce, "Gobe fa, Mama? Babu komai fa."

Ta ce, "Jiya ma haka kika ce."

Saura ludayi biyu a tukunyar kunu. Na zuba mata ɗaya. Na ɗebo na biyun, wanda yake nawa, na nufi kwanonta da shi. Nan da nan tafin hannun ya rufe.

"Ya isa, 'yata."

Na kama siririn hannun nan na kawar da shi gefe.

"Bai isa ba, Mama," na ce, na juye mata.