Kara Mai Baki Biyu

Kakata ta wajen uwa, Iya Tabawa, ba ta yin tatsuniya sai tukunyar tuwo na kan wuta. Takan ce hannu na aiki, baki na aiki, sannan itace bai ƙone a banza ba. Duk hutu akan kai mu wurinta a Garam daga Suleja, ni da ƙannena mata biyu. Da an idar da magariba za mu kewaye murhu, tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi ya sa ta runtse ido ɗaya. Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Amma akwai wadda ta yi mana sau ɗaya tak, ina 'yar shekara tara, wadda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

"To, ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," in ji Iya.

"Ta shigo mu ji ta!" muka amsa.

Wai wata yarinya ce, Talatu, matsoraciya ta ƙin ƙarawa, kuma ita ake aika itace bayan dutse. Ran nan ta taimaki wata tsohuwa da ɗaukar tulu a bakin rafi, tsohuwar ta saka mata da wani kara mai rami, tsawon kamu ɗaya. Ta ce in ta leƙa ta wannan bakin, nesa za ta zo kusa. In ta leƙa ta wancan, kusa za ta koma nesa. "Amma kada ki taɓa juya shi don kawai zuciyarki ta kwanta."

Karan ya yi wa Talatu rana. Kafin ta shiga daji sai ta leƙa, in ta hango kura ta sake hanya. Sai wata rana ta leƙa kan dutse, ta ga dodo ya cika mata ido, haƙoransa da gashin mutane maƙale a tsakani, kuma ita yake kallo. Maimakon ta gudu, sai ta juya karan. Nan take dodo ya koma kamar tururuwa. Ta sauke numfashi, har da dariya, ta ci gaba da tsintar itace da hannu ɗaya, tana leƙawa jefi-jefi.

Iya ta rage murya. "Ya zama kamar ɓera. Ta ce da saura. Ya zama kamar kyanwa. Ta ce ai har yanzu da saura." Sai Iya ta tsayar da muciya cak. "Can sai ta ji wani ɗumi a bayan hannunta, hannun da ke riƙe da karan. Numfashi ne."

Sai Iya ta jawo mara ta fara kwashe tuwo.

"Iya, sai me?" in ji ƙaramar ƙanwata.

"Sai me kuma? Da safe aka tsinci kara da igiyar ɗaurin itace. Ku tashi ku wanke hannu."

Ban iya cin tuwon ba. Na matsa jikinta na ce, "Iya, don me ba ta gudu ba?"

"Ai ba ta ga abin gudu ba, ƙawata. Ta riga ta yi wa idonta magani."

Iya ta rasu ina sakandare. Da na gama, na koyi ɗaukar hoto a wani shago a Madalla, wurin wani mutum da muke kira Oga Sule. Shi ya nuna mini cewa idon kamara, wanda ake ɗaurawa a bakinta, iri-iri ne, amma ga mai aiki a fili biyu ne manya: dogo da mai faɗi.

"Dogon nan jawo miki abu yake yi kina inda kike," in ji shi. "Sai dai ba ki ganin komai sai abin. Mota za ta bi ta gefenki ba ki sani ba. Mai faɗin kuwa yana haɗiye fili gaba ɗaya, gona da dutse da sama, amma maƙaryaci ne, Rabi. Abin da ke gaban hancinki sai ya nuna miki shi can. In abu na gudu ko yana cizo, ɗaura dogo ki tsaya nesa."

Na ji, amma ni mai faɗin nake so. Da shi Dutsen Zuma ke shiga hoto har da gajimaren da ke kansa.

Shekara uku da suka wuce, Kawu Isa, ɗan autan Iya, wanda ke noma gonarta, ya kira ni in zo in ɗauki girbin dawa. Bayan azahar ne, ina ɗaukar fuskokin masu yanka da dogon ido, sai wani ya yi ihu. Masu farautar gafiya sun cinna wa dajin da ke gefen gonar wuta, iska kuma ta juyo da ita wajenmu. Maza suka karyo ɗanyen ganye suka ruga tarbarta.

"Rabi, koma bakin hanya!" in ji Kawu, yana gudu.

Na ja da baya kaɗan, na ɗaga kamara. Ta dogon ido wutar ta cika mini fuska, ina ganin karan ciyawa ɗaya-ɗaya yana lanƙwashewa yana baƙi. Hannuna ya kama karkarwa, duk abin da na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Sai na tsuguna na kwance dogon, na ɗaura mai faɗi. Na ce wa kaina ai so nake in haɗa gonar da mutanen da hayaƙin a hoto guda.

Da na sake leƙawa, wutar ta koma wani jan zare siriri a can ƙarshen gona, mutane kamar 'yan tsana. Hannuna ya daina rawa. Na matsa gaba don hoton ya cika. Na ƙara matsawa. Na durƙusa cikin busasshen kara ina ta ɗauka. Ina jin ana ihu, na ɗauka da wasu ake. Ban sani ba iska ta sake juyawa, maza sun riga sun watse.

Ƙaurin gashi ne ya sa na sauke kamarar.

Wutar ta fi ni tsawo. Tana gabana, tana dama, tana hagu, tana ruri kamar babbar mota a kan gangara. Na buɗe baki in yi salati, hayaƙi ya cika shi. Bakin mayafina ya riga ya kama, ina kallonsa yana ci yana hawowa kafaɗata, na kasa ko ɗaga hannu.

Ta cikin hayaƙin Kawu ya faɗo. Da tsurar hannu ya damƙe mayafin ya fizge, ya kashe abin da ya kama ɗankwalina da tafinsa, sannan ya ja ni a ƙasa kamar buhu har bakin hanya. Ni ƙuna kaɗan na samu a wuya. Shi kuwa tafukansa biyu suka salɓe. Rabin dawar ta ƙone. Wata biyu matarsa ce ke ba shi abinci a baki, kuma har yau yatsunsa biyu na dama ba su miƙewa.

A asibiti a Suleja, ina zaune bakin gadonsa na kasa haɗa ido da shi, sai ya ce, "To, nuna mini abin da kika tsaya ɗauka."

Na riƙe masa kamarar, tunda ba shi da hannun karɓa. Hoton ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ya daɗe yana dubawa.

"Rabi, ina wutar?"

Na nuna masa jan zaren da yatsa.

"Wannan 'yar?" Ya girgiza kai. "Ni dai wadda na shiga ba wannan ba ce."

Ina ƙarama, na ɗauka Talatu rashin jin magana ne ya kashe ta. Yanzu na san ba haka ba ne. Gajiya ta yi da tsoro, ta samu abin da zai rage mata shi, ta kama. Har yau idanun nan biyu suna cikin jakata, kuma mai faɗin na fi ɗaurawa, don shi ne abincina. Amma duk ranar da na ji hankalina ya kwanta da wuri a bayan kamara, nakan sauke ta, in ƙirga da idon da Allah ya ba ni taku nawa ne tsakanina da abin. Kusan kullum bai kai yadda na zata ba.