Goɗiyar da Ta Ƙi Yin Fari

Eulogio Barea a cikin goɗiyoyi ya tashi, a cikinsu kuma ya yi furfura. Ubansa ne ke kiwon garken dawakin maigidansu Don Fabián a bayan garin Medina Sidonia, da ƙafafun tsohon suka gaza sai sandar ta dawo hannunsa. Ba mai yawan magana ba ne. Da safe ya ci burodi da man zaitun, ya ɗauki hularsa, sai kuma faɗuwar rana.

Dawakin gidan duk kili ne, farare tas, kuma da haka ake tinƙaho. Kili ba ya zuwa duniya da farinsa. Baƙi ake haifarsa ko ja, daga baya farin gashi ya fara masa ta gefen ido ya bi jiki. Shi ya sa ran da Presumida, goɗiyar da Don Fabián ya fi ji da ita, ta haifi 'ya ja jawur, Eulogio bai damu ba. Ya ce za ta juya.

A wancan zamanin kuwa jan doki ba ya shiga kundin asali. Wasu masu manyan kujeru ne suka yanke cewa ja alamar gauraye ce, ko su wane ne iyayensa. Wanda bai shiga kundi ba, ba a ɗora masa ƙarfen shaidar gida a cinya, shi da zuriyarsa. Dubi rashin adalci! Dabba ta faɗo daga cikin uwarta a gaban jama'a, a ce ba ta da asali saboda launin gashi.

Kullum sai Eulogio ya kama kan 'yar goɗiyar yana duba gefen idonta. Matarsa Remedios ta gaji da gani.

"Tsohon nan, ko toka za ka shafa mata ne? Ja Allah ya yi ta, ka ƙyale baiwar Allah ta sha nono."

Sanyi ya shigo, 'yar goɗiyar ta zubar da gashin haihuwa, sabon ya fito ya fi na da ja. A shagon giyar Curro kuwa an samu abin yi.

"Eulogio, ingarman wa ya tsallako shinge kana minshari?" in ji Curro. "Ko dokin mai gawayi ne? Shi ma ja ne, ga ladabi."

"Bakinka ya fi giyarka tsami. Zuba mini."

Ranar ɗora ƙarfe, Don Fabián ya tsaya a bakin shinge ya daɗe yana kallon jar goɗiyar.

"Barea, ka ce za ta juya."

"Ranka ya daɗe, wasu sukan makara."

"Babu wata makara. Ƙofa ka bari a buɗe."

"Da hannuna na riƙe Presumida aka kawo mata ingarman gida. Bayansa babu wanda ya kusance ta."

"To daga sama jan ya faɗo?"

Don Fabián ya ce a kira dillalin mahauta a sayar masa da ita. Nan Eulogio, mutumin da bai taɓa roƙon komai ba, ya cire hula ya ce a bar masa ita. Aka bar masa, amma da sharaɗi: kada ingarma ya taɓa hawanta, jinin gidan ba zai watsu a ƙauye babu shaida ba. In yana son ta haihu, ga jakuna nan.

Ya sa mata suna Candela. Ta ja amalanke, ta kai Remedios kasuwa, ta haifi alfadarai masu ƙarfi da manoman zaitun suka riƙa rububi a kansu. Eulogio ya ci gaba da kiwonsa, sai dai daga ranar, duk lokacin da za a kai goɗiya wa ingarma sai an haɗa shi da mai sa ido. Remedios ce ke faɗa a kan haka, a gida da waje.

Eulogio ya riga ya ajiye sanda lokacin da aka soke dokar hana jan doki shiga kundi. Don Fabián ya mutu, 'yarsa Doña Macarena ke riƙe da garken, kuma jan doki ya zama abin nema. Wata yamma ta zo har gida.

"Kawu Eulogio, jikar Presumida ta haifi ja. An tsigi gashin geza an gwada, uwa tamu, uba namu. Ashe jan kwanciya yake yi a jinin uwa da na uba, farin ya rufe shi, sai ran da suka haɗu ya fito. Babu wanda ya bar ƙofa a buɗe."

"Maimaita, 'yar nan, kunnena ya yi nauyi."

Ya ji sarai. Ta maimaita, ya gyaɗa kai. Sannan ta zo ga abin da ya kawo ta: ko Candela ta bar 'ya mace da za a dawo da ita garke?

Ya kai ta bayan gida. Candela na tsaye ƙarƙashin ɓaure, baya ya lotsa, haƙora sun ƙare, autanta mai dogayen kunnuwa na sosa mata wuya.

"Ga zuriyar nan," in ji shi. "Kin san alfadari ba ya haihuwa."

Doña Macarena ta buɗe baki, Remedios ta riga ta daga bakin ƙofa.

"Kada ki kalle shi, ranki ya daɗe. Ubanki ne ya zaɓa mata miji."