Tsinken Tsintsiya a Ramin Caji

Ƙanin mijina ne, ciki ɗaya da marigayi. Har yau Mai-agogo ake ce masa, alhali rabon da a kawo masa agogo ya fi shekara goma sha biyar, tun da mutane suka koma duba lokaci a waya. Yana ɗan shekara tara na same shi a gidansu, lokacin da aka kawo ni amarya. Sati na farko ya sauke agogon bangon ɗakina, ya baje hanjinsa a kan tabarma. Na yi kuka, na yi zagi. Kafin yamma ya mayar da shi, har da rarar ƙusa biyu a hannunsa, agogon kuma ya ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa shi ba. Tun ranar muke faɗa, kuma tun ranar ban kai wa wani gyara ba.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, in ka miƙe da sauri sai ka sha ranƙwashi a ƙeya. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, gwangwanayen madara cike da ƙananan ƙusoshi. Da agogo ya daina ci ya koma rediyo, daga rediyo ya koma waya, yanzu ga shi da furfura yana farke cikin kwamfuta. Abu biyu ne ba su canza ba: ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, da shegiyar tambaya. Ba ya taɓa kaya sai ya ji inda kayan ke kwana da wanda ke taɓa shi. Ka kai masa gyara, ya tsare ka kamar ka yi sata.

To, Auta, 'yata ta ƙarshe, tana karatun jinya. Shekara guda tana rubuta aikinta na gamawa a cikin kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya, jibi za ta tsaya gaban malamai ta nuna. Sai kwamfutar ta ce ba ta shan wuta. A soka caja, shiru. Auta ta sayo sabuwar caja, shiru. Batir ya rage kashi bakwai, ta kashe ta da sauri. Wani mai shago mai ƙofar gilashi ya ɗan juya ta ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, a sayi wata. Yarinya ta dawo ido jawur, ta ce ba ta ajiye aikin a ko'ina ba sai a ciki.

Na ce, "Karatun naku duk bai koya miki zuba ƙwai a kwando biyu ba? Ɗauko mayafinki, mu je wurin Baffanki."

Yana ganinmu ya ce, "Yaya, yau kuma wa kika cinye da baki?"

"Kai na zo ci, amma na ga ba nama. Karɓi, duba."

Bai karɓa ba. Ya tambayi Auta inda take ajiye ta. Ta ce a kan ɗan tebur gefen gado. Soket fa? A bango ta can ƙofa. Wayar a ƙasa take bi ke nan? E, ta tsakiyar ɗaki. Wa ke shiga ɗakin? Ta ce daga ita sai Inna. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ni kuma na kalli gwangwanayensa.

Sannan ya fara aiki. Ya auna tsohuwar caja da mitarsa, ya ce lafiyarta lau. Ya auna sabuwar, ita ma haka. Ya soka cajar a kwamfuta ya ɗan danna kanta gefe, sai 'yar fitila ta ƙifta ta mutu. Ya saki, ya sake dannawa, ta sake ƙiftawa.

"Ƙwaƙwalwar da ta ƙone ba ta ƙifta ido," in ji shi. "Ramin cajin ne yake girgiɗi kamar haƙorin Yaya."

"Haƙorina ya fi naka yawa."

Ya maƙala gilashinsa, ya haska tocila cikin ramin. Ya daɗe. Ya ce ramin nan ba faɗuwa ya yi ba, ja ya sha, kuma kullum gefe guda, kaɗan-kaɗan, kamar dai wani yana fizgar wayar kowace safiya. Ya ɗauki hantsaki ya zura a hankali, ya zaro wani ɗan abu ya ɗora a kan farar takarda. Tsinken tsintsiya ne, tsawon rabin farce.

Auta ta juyo.

"Inna?"

Ni dai ban iya ƙarya a gaban shaida ba. Kullum da safe in na zo shara, wayar nan tana kwance a tsakar ɗaki kamar maciji, sai in sa tsintsiya in ɗaga ta in jefa kan gado. In ta yi gardama in ƙara mata ƙarfi. Ranar da na ji Auta tana ƙorafin ba ta caji, na leƙa ramin na ga duhu, na ce datti ne, na sakace mata shi kamar kunne. Tsinken ya karye a ciki, ni kuma na ja bakina na yi shiru.

Na ce, "Taimako na yi. Wa ya ce ku yi rami ba murfi?"

Mai-agogo ya yi dariya har gilashin ya faɗo daga idonsa. "Shekara hamsin kina min gorin agogonki. Yau na rama."

Ya kwance bayan kwamfutar, ya jera ƙusoshin a kan takarda yadda ya ciro su. Ya cire batir tukuna, ya narkar da dalma ya ɗauke tsohon ramin, ƙafarsa ɗaya ta tsinke, ya ciro irinsa daga wata matacciyar kwamfuta a ƙarƙashin tebur ya dasa. Auta ta kasa zama. Da ya mayar ya soka caja, fitilar ta kama ta tsaya cak. Ta kunna, aikinta na nan daram. Ya hana ta motsi sai da ta kwafe shi a wani ɗan abu mai kama da kwalin ashana. Na leƙa takardar na ce, "Yau ba rarar ƙusa?" Ya ce ya girma.

Washegari sai ga shi a gida da guduma. Ya ja teburin zuwa jikin soket, ya kafa ƙusa biyu a bango, ya rataye wayar inda tsintsiyata ba ta kai. Wannan ma halinsa ne, in bai gyara ɗaki ba, a wurinsa gyara bai ƙare ba.

Auta ta nuna aikinta, malamai suka sa hannu. Yanzu tana asibiti tana yi wa mutane allura, kuma ta hana ni sharar ɗakinta. Ta ɗauka horo ne, ni kuwa bayana ya huta.

Tsinken yana nan a shagonsa, ya manne shi a jikin bango da salatif. Duk wanda ya kawo kwamfuta ba ta caji, kafin ya taɓa sai ya nuna masa, ya ce, "Akwai tsohuwa a gidanku?"