Darduma a Ƙarƙashin Katako

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gagarawa Tasha, ni da abokin aikina, ido duk barci. Wani kafinta ne a Maigatari ya dame ni da waya. Injinsa na sassaƙa mai aiki da kwamfuta ya lalata katakon ƙofar masallaci. Katakon maɗaci ne guda biyu da wani dattijo na Sule Tankarkar ya gada wurin mahaifinsa, yanzu saura ɗaya.

A Gumel muka sha shayi da ƙosai a tsaye, direba yana ta mitar tsadar mai kamar mu muka ƙara kuɗin. Ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cika hanya, ga wani rago a but ɗin motarmu yana hura mini ƙeya. Kafin mu isa bayana ya riƙe.

Na tarar da dattijon a bakin shago, ko furar da aka kawo masa bai taɓa ba. Na duba katakon, bakin injin ya nutse har ya huda rubutun da ake sassaƙawa. Kafinta ya rantse ya saita tsayi yadda na koya masa: ya sauke bakin injin kan katako har ya kama takardar gwaji da ya shimfiɗa, ya danna sifili. Na bi lissafin kaf, komai daidai. Wallahi na gaji, raina ya soma ɓaci.

Ana ɗora na biyun sai dattijon ya miƙe, ya ɗaga gefensa yana cusa darduma.

"Baba, me ke nan?"

"Ɗana, sunan Allah za a rubuta, ai ba a barin shi kan teburi mai datti. Jiya ma ni na sa, da kafintan ya fita alwala."

Ashe kaurin darduma ne ya ɗaga katakon, injin kuwa tsohon sifilinsa ya sani. Na kasa yi masa faɗa. Muka wanke teburin tas, muka shimfiɗa farin ƙyalle marar kauri, na ɗaure katakon, sannan na sake ɗaukar tsayi. Rubutu ya fito sumul. Dattijon ya yi hamdala, amma wanda ya huje ya koma yana shafawa. Ya ce, "Wannan mahaifina ya fi so. Ashe da hannuna na ɓata shi."

Bayan magariba muka iso gida, ko tuwo ban iya ci ba, tausayin dattijon ya cika ni. Na koya wa kafinta saita inji, ban koya masa leƙa ƙarƙashin katako ba.