Yinin da Sarkin Baka Ya Shiga Damin Kara

A Dogon Fako, wani ƙauye da ke gefen kwarin Tarka, idan ka tambayi gidan Ila za a ce maka wane Ila, don sun kai biyar. Amma idan ka ce Sarkin Baka, ko akuya ka bi za ta kai ka, saboda a ƙofar gidansa ake shanya saiwoyi da ɓawon itace, kuma awakin garin sun daɗe da sanin haka.

Sarautar ta gado ce. Ubansa maharbi ne, kakansa ma haka. An haifi Ila lokacin da barewa ke shigowa gonar wake da rana tsaka. Yana da shekara goma sha biyu ubansa ya miƙa masa baka, amma sai da ya yi shekara biyu yana rarrafe a bayan tsohon kafin aka bar shi ya ɗana kibiya. Sanɗa aka fara koya masa: yadda ake ɗibar ƙasa a sake ta a ga inda iska ta nufa, da yadda mutum zai daskare da ƙafa ɗaya a sama har dabba ta mai da kai ga kiwonta.

Sai fari ya zo, ya tafi, ya sake dawowa. Namun daji suka ƙare, 'yan da suka rage kuma hukuma ta hana taɓa su. Ila ya rataye baka a ɗaka ya kama noman gero kamar kowa, ran kasuwar Belbeji kuma ya shimfiɗa buhu ya sayar da maganin ciwon ciki. Abin da ya rage masa daga zamanin da shi ne sunan. In ana suna ko ɗaurin aure, tabarmarsa na kusa da ta Maigari Idris, kuma idan aka yi gardamar sawun wata dabba a bakin rijiya, shi ake kira ya raba.

Akwai abin da garin bai sani ba. Shekara uku ke nan idanun Ila suka fara yin yana, har ya zamana duniya yake gani kamar ta bayan farin mayafi. Matarsa Mariyama ce kaɗai ta sani. Ita ta ɗauki ɗabi'ar gaishe da baƙi da ƙarfi tun daga nesa, tana kiran sunansu har da na ubansu, makwabta suna cewa tsufa ya mai da ita mai surutu. Ila kuwa sai ya ɗago kai ya amsa gaisuwa da sunan mutum daidai. A ganinsa, ranar da aka san Sarkin Baka ba ya gani, ranar sunan zai zama abin dariya.

Ana haka Nafi'u mai butikin cajin waya ya dawo daga Damagaram da panno babba, faifan nan mai tara wutar rana, da telebijin. A cikin kayan da ya zo da su akwai wani dogon fim na Turawan da, kashi-kashi, na zamanin dawaki da takubba. Labarin wani ɗan tawaye ne da ya shige kurmi da mutanensa, yana tare attajirai a hanya ya ƙwace dukiyarsu ya raba wa talakawa, gwamnan ƙasar na nemansa ruwa a jallo. Da Faransanci suke magana, Nafi'u na fassarawa gwargwadon abin da ya tsinta a lakwal, wato makarantar boko. Sunan jarumin ya ƙi zama a bakin mutane, sai aka sa masa Mai Koriyar Riga. Kullum bayan la'asar ake nuna kashi ɗaya, tun batir na da ƙarfi.

Abin da ya fi tsuma mutane shi ne harbinsa. Yana tsinke igiya daga nesa, yana kakkaɓe takobi daga hannun soja, yana harbi a kan doki a guje. Ila ya zo ya zauna a sahun gaba, ya ce haƙƙin sarauta ne. Ba abin da yake gani sai wani kore-kore da ke tsalle, amma kunnensa garau yake. Ya ce tsarkiyar bakan nan ba ta sha mai ba, ku ji ƙararta. Da ya ji yara na zancen gashin tsuntsu a gindin kibiyar, ya ce kibiyar da ta san hanya ba ta bukatar fiffike. Ya kuma ce mutumin da ke ihu da dariya a cikin daji haka, ko bushiya ba zai kama ba.

Duk wannan a kunnen Jika. Jika mai goro ɗan ƙanwar uban Ila ne, taubashinsa ke nan, kuma shekara sittin suka yi kowannensu na cewa ɗayan bawansa ne. Ranar da Mai Koriyar Riga ya tsaga kibiya da kibiya a gasar gwamna, rumfar Nafi'u ta kaure da sowa, Jika ya jira aka yi shiru sannan ya ce:

"Bawana, ga Sarkin Baka can mun samu. Kai sai mu bar maka sarautar saiwa."

Aka yi dariya. Da a nan ya tsaya da ta wuce, amma Jika ya ƙara da cewa ranar Alhamis zai kafa ƙwarya a kan turke, taku ɗari, a gaban Maigari, a ga ko bakan da ke rataye a ɗaka na da sauran magana. Ila ya ji kansa yana cewa taku ɗari ai wasan yara ne.

Washegari ya ɗauko bakan ya zaga bayan tudu da tsohuwar ƙwaryar Mariyama. A taku arba'in ma ƙwaryar ta narke cikin rairayi. Ya saki kibiya wajen da yake zato, ya yini yana lalube, bai same ta ba. Da yamma Mariyama ta shigo da ita a cikin zani, ta ce a dangar mutane ta zaro ta, saura kaɗan ta sami jakinsu. Ta zauna tana tsince wake, can ta tambaye shi, a duk barewar da ya taɓa kawo mata gidan nan, wace ce ya harba daga taku ɗari. Ila ya yi lissafi. Babu ko ɗaya. Mafi nisa ba ta wuce taku goma sha biyar ba, akwai ma wadda ya ji numfashinta kafin ya saki.

Don haka ranar Laraba, bayan an gama kallo, ya miƙe ya ce shi ba zai harbi ƙwarya ba, ƙwarya ba ta yi masa komai ba, kuma mai harbi daga nesa tsoron matsowa yake yi. Ga tasa gasar: gobe Jika ya je ya zauna ƙarƙashin aduwar da ke tsakiyar gonar Maigari, daga hantsi zuwa la'asar, ya buɗe ido da kyau. Shi kuma zai zo ya ɗage masa hula da tsinin kibiya ba tare da an ga zuwansa ba. Jika ya ce ya yarda, in dai gonar nan ce da aka girbe, wadda ko ɓera ya gitta sai an gan shi. Maigari ya ce shi zai zauna shaida, sauran jama'a su tsaya can kan tudu kada wani ya yi nuni.

Da sassafe Ila ya fita da kan burtu, wato busasshen kan tsuntsun nan da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe, dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Kowa a garin ya san yana da shi, kuma kowa ya san da shi zai zo. Sai ya ɗaure shi a kan karan gero ta gabas da itacen, inda iska za ta riƙa kaɗa shi. Shi kuma ya zaga ta yamma, inda aka jingina dammunan kara tsaye ana jiran amalanke. Ya kwance ɗaya, ya rage cikinsa, ya shiga, ya ɗaure daga ciki. Ba wanda ke ƙirga damin kara a gonar wani.

Hantsi ya yi, ya ji muryar Jika na tafe yana cika baki, sannan shiru. Ila ya saki 'yar ƙasa ta ƙasan damin ya ji inda iska ta kai ta. Ya san hancin Jika ya daɗe da mutuwa da shaƙar asara, garin tabar nan, amma hannu ya riga ya saba. Ya fara matsawa. Taku ɗaya, ya tsaya har gwiwa ta fara rawa, sannan wani takun. Ƙaiƙayi ya cika masa wuya, kiyashi suka samu hanya ta ƙafar wando. Wata akuya ta zo ta fara cin damin, ta bi shi taku uku tana ci, bai ce mata komai ba. Tun rasuwar ubansa bai ji daɗin yini irin na ranar ba.

Itacen yana ganinsa, baƙi-baƙi a tsakiyar fari. Sauran kuma lissafi ne. Dabba inuwa take bi, inuwa kuma rana take bi. Da azahar ta gota, inuwar aduwa 'yar kaɗan ce, ta mutum ɗaya, kuma duk mai hankali gindin itacen zai jingina. Da ya matso sosai sai ga shi kuwa, wani fari-fari zaune a gindin, kai ya ɗan karkace. A gefe cikin rana akwai wani dunƙule ja-ja, kututture ne ko suri, ya raɓa ta bayansa har karan damin ya kusa shafarsa. Ya zira kibiya ta tsakanin kara, a hankali, ya sa tsinin ƙarƙashin bakin hular, ya ɗaga. Hula ta taso kamar da kanta. Mai ita bai motsa ba.

Ila ya yar da damin ya miƙe, kibiya a sama, hula na lilo a kai.

"To, bawana, ina idon naka?"

Sai kututturen nan ya juyo ya yi salati da muryar Jika. Fari-farin kuma ya farka, ya shafa kansa, ya ji iska inda bai saba jin ta ba.

Lissafin Ila daidai ne, abu ɗaya ya manta. Ba yadda za a yi Jika ya zauna a inuwa Maigari na cikin rana. Tun da inuwar ta tsuke ya tashi ya ba shi wurin, shi ya koma gefe ya zura wa kan burtu ido, bai ko ƙifta ba.

Jama'a suka gangaro daga tudu a guje. Su sun ga damin na tafiya tun ɗazu, sun toshe bakinsu da hannu har hawaye. Amma da suka iso suka ga kan Maigari a buɗe, sanƙo na sheƙi, dariyar ta maƙale. Ila ya durƙusa ya miƙa hular da hannu biyu, yana neman gafara. Ya ji Jika na cewa ai ba hularsa aka ɗage ba, shi ya ci. Sai kuma ya ji ya yi shiru a tsakiyar magana. Jika ya dubi jar rigarsa, ya dubi farar rigar Maigari, ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da sawun Ila, wadda ba ta kai kamu biyu ba.

"Ila," ya ce, kuma rabon da ya kira shi da sunansa har an manta, "tun yaushe?"

Ila ya ce shekara uku. Ya faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji, don ya ga ba sauran abin ɓoyewa.

Maigari ya mai da hularsa, ya gyara mata zama. Sannan ya ce shi dai shaida aka kira shi, ga kuma abin da ya shaida: mutum biyu masu ido huɗu sun zauna a fili, wanda ba ya gani ya zo ya wuce ɗaya ya tuɓe ɗaya. In akwai mai iya haka a garin nan, ko a cikin akwatin Nafi'u, ya fito a ba shi sarautar. Ba wanda ya fito. Ya ƙara da cewa nan gaba in za a yi irin wannan gasa a nemi wani shaidan. A nan ne dariyar ta samu hanya, har da Maigarin.

Sunan ya tsaya, asirin ya tafi. Ila ya yi zaton zai ji kunya, sai ya tarar abin da ya fi ji shi ne sauƙi. Mariyama ta koma gaishe da mutane da muryarta ta da. A rumfar Nafi'u aka samu masu faɗa masa abin da ke faruwa, kowa da nasa ƙarin, har Mai Koriyar Riga ya riƙa yin abubuwan da ko masu fim ɗin ba su sani ba.

Jika ne bai huta ba. Ya yi ta tambaya har ya ji labarin likitocin da ke cire yanar ido a Damagaram. Ya zo ya ce ba zai zauna da bawa makaho ba, asara ce. Ila ya ce ba inda za shi da mai goron da dami ya wuce ta bayansa. Sati uku suna wannan, a na huɗu suka shiga motar kasuwa tare, suna gardamar wanda zai zauna bakin taga.

An yi wa ido ɗaya aiki, aka ce ɗayan sai bayan wata uku. Da safe ma'aikaciyar asibiti ta warware bandeji, Ila ya ƙifta, haske ya daidaita. Abin da ya fara gani shi ne wani tsoho zaune a bakin gado, gemu fari fat, kumatu sun zurma, haƙora biyu jajaye, yana leƙen fuskarsa da damuwa. Ila ya daɗe yana dubansa.

"Yaya, kana gani?" in ji Jika.

"Ina gani," Ila ya ce. "Ashe haka ka lalace ba wanda ya gaya mini."