Rijiyar da Na Rufe da Wuri

Wata bakwai ban taka gidan Kawu a unguwar Bani Malik ba, har ya rasu. Wannan shi ke hana ni sukuni.

Jiya matata ta zuba ruwan zafi a galan ɗin man girki da ya ƙare, sai ga sauran man ya taso. Na kasa zama. Haka Kawu yake nuna mana, shi da ya tsufa a aikin rijiyoyin fetur. "Rijiya in ta daina tunkuɗo mai, ba ƙarewa ta yi ba," in ji shi. "Ƙarfinta ne ya ragu. Sai a tura mata ruwa ta gefe, sauran ya hau."

Da shanyewar jiki ta ɗauke masa magana, sau biyu na je. Ɗakin na warin man zafi, Kawu yana ta kallona. Matarsa ta ce, "Yi masa hira, ɗana, yana ji."

Na ce, "Halas, shi ke nan, Inna, a bar shi ya huta."

Maƙwabcinsa ne ya riƙa yi masa hira kullum bayan la'asar, har bakin ya buɗe. Ni Kawu ya tambaya.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ku da naku ke raye, don Allah kada ku yi irin tawa.